Yadda Ake Kiwon Hawainiya a Gida: Mazauninta, Abincinta da Lafiyarta

Kare ko kyanwa idan an yi musu sakaci sukan yi kuka, su biyo mutum har sai ya lura da abin da ke damunsu. Hawainiya kuwa shiru take yi, domin a daji duk wadda ta nuna rauni ita ce rabon tsuntsu ko maciji, saboda haka ɓoye ciwo ya zama ɗabi'arta, kuma kafin mai kiwo ya gane cewa ba ta da lafiya, sau da yawa ciwon ya riga ya yi makonni yana cin ta. Yawancin cututtukan da ke kashe hawainiyar gida daga keji suke farawa, wato daga ƙarancin haske, ko rashin iska, ko ruwan da ba a ba ta yadda take iya sha ba. Wannan ne ya sa shawarata ta farko ita ce a haɗa kejin gaba ɗaya, a kunna fitilunsa, a auna zafinsa na kwana biyu ko uku, kafin a kawo dabbar.

Akwai jinsin hawainiya fiye da 200 a duniya, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska, amma guda uku ne suka fi yawa a hannun masu kiwo. Wadda ta fi juriya ita ce mai tozo a ka, wadda masana ke kira Chamaeleo calyptratus, 'yar asalin Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya. Namijinta yakan kai kusan santimita 60 har da wutsiya, ya kuma rayu shekara 6 zuwa 8 idan ya sami kulawa, mace kuwa ba ta cika kai wannan ba. Sai Furcifer pardalis ta arewaci da gabashin Madagaska, wadda ake so saboda kyawun launinta, da kuma Trioceros jacksonii ta tsaunukan Kenya da Tanzaniya, wadda namijinta ke da ƙaho uku, kuma ba ta jure zafi. Ga mai farawa, ta farkon ce ta fi dacewa. A nemi wadda aka ƙyanƙyashe a wurin masu kiwo, domin wadda aka kamo daga daji takan zo da tsutsar ciki da ƙishirwa da galabaitar tafiya, ga kuma batun doka, tun da yarjejeniyar CITES ta shekarar 1973, wadda ƙasashe suka ƙulla don kare dabbobi da tsirran daji, ta sanya ido a kan cinikin yawancin jinsunan hawainiya tsakanin ƙasashe.

Hawainiya dabbar bishiya ce, don haka tsayin keji ya fi faɗinsa muhimmanci. Babba guda ɗaya tana bukatar aƙalla santimita 60 a faɗi, 60 a zurfi, 120 a tsayi, kuma ya fi kyau bangon ya zama na raga mai ƙananan ido, ko dai a ce saman kejin da kuma gefe ɗaya ko biyu raga ne, domin iskar da ta tsaya cak a cikin akwatin gilashi mai danshi ita ce ke jawo ciwon huhu. A ɗora kejin a kan tebur ko kanta ta yadda reshen sama zai zarce idon mai wucewa, saboda hankalinta ya fi kwanciya idan tana kallon mutane daga sama. A nisanta shi da mashigar da ake yawan kai-komo, da madubi, da wurin da kyanwa ke iya zama ta zuba mata ido. Kuma ko da kejin ya kai girman ɗaki, kada a haɗa biyu a ciki. Ba lalle ne a ga suna faɗa ba, amma mai ƙarfin za ta mamaye wurin shan ɗumi, ɗayar kuma ta koma ƙasa, ta yi duhu, ta daina ci, har ta rame.

A cikin kejin a gicciya rassa masu kauri daban-daban, wasu a kwance wasu a karkace, daidai abin da ƙafarta za ta iya kewayewa, domin yatsunta a haɗe suke kashi biyu kamar awartaki, an yi su ne don damƙe reshe. Tsakiyar kejin a cika ta da tsirrai masu rai, irin su fotos, wani tsiro mai yaɗo, da fikus, ɗan'uwan ɓaure, da hibiskos, ɗan'uwan rama, har sai an sami wurin da za ta shige a neme ta a rasa. Tun da mai tozo takan ciji ganye, a wanke tsirran sosai don kawar da maganin ƙwari, a kuma rufe ƙasar tukunyar da manyan duwatsun da ba za su haɗiyu ba. Ƙasan kejin a bar shi fili ko a shimfiɗa takarda, domin yashi da ɓawon itace kan manne wa harshenta su toshe mata hanji.

Zafin jikin hawainiya daga waje yake zuwa, saboda haka abin da ake nema shi ne keji mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, ta yadda za ta hau ko ta sauka gwargwadon bukatarta. A ɗora ƙwan fitila mai ba da zafi a kan ragar sama, daga waje, a sa reshen shan ɗumi kimanin santimita 20 zuwa 25 a ƙarƙashinsa, sannan a auna zafin a daidai inda bayanta zai kasance. Ga mai tozo babba, digiri 29 zuwa 32 na ma'aunin Salsiyos ya wadatar a wannan reshe, sauran kejin kuma 22 zuwa 27, mai ƙaho uku kuwa tana son ƙasa da haka. Kada a dogara da taɓawar hannu, a sayi ma'aunin zafi, domin hawainiya takan zauna ƙarƙashin fitila har tozonta ya ƙone ba ta matsa ba. Da dare a kashe komai. Tana bukatar duhu na sa'a 12 da kuma saukar zafi zuwa wajen digiri 16 zuwa 20 kafin ta yi barcin kirki, kuma jar fitilar dare da ake tallatawa ba ta da wani amfani a gare ta.

Fitila ta biyu ita ce wadda masu farawa suka fi rainawa, alhali kuwa a kanta lafiyar ƙashi ta rataya. Hasken rana yana ɗauke da wani sashe da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB, kuma da shi fatar hawainiya ke haɗa bitamin D3, wanda idan babu shi hanji ba zai iya tsotsar sinadarin kalsiyam daga abinci ba. Idan kalsiyam ya yi ƙaranci a jini, jiki yakan koma ya ɗebo shi daga ƙashi, sai ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, tozo ya karkace, dabbar da aka sani da ƙarfin damƙa ta riƙa rawar jiki tana faɗowa daga reshe. Ana iya tsayar da wannan ciwo idan an gane shi da wuri, amma ƙashin da ya riga ya tanƙware ba ya komawa daidai. A nemi doguwar fitilar UVB irin ta T5 wadda za ta ratsa saman kejin, a kunna ta sa'a 12 a rana, a kuma rubuta ranar da aka fara amfani da ita a jikinta, domin ƙarfinta yana raguwa tun tana ci gaba da haske, kuma ana sauya ta bayan wata 6 zuwa 12 gwargwadon umarnin kamfanin da ya yi ta. Gilashin taga yana tare wannan haske, don haka ajiye keji a bakin taga ba ya maye gurbin fitilar.

Hawainiya ba ta saba shan ruwa a kwano ba, tana iya mutuwa da ƙishirwa alhali ga shi a gabanta. A daji raɓa da ɗigon ruwan sama take lasa a jikin ganye, don haka a fesa wa tsirran ruwa na minti biyu ko uku da safe da kuma yamma, a kuma ɗora wani mazubi mai ɗan huji a saman kejin yana ɗigowa kan ganye da rana. Wanda ya tsaya ya lura zai ga ta fara motsa baki tana haɗiya tun kafin ta kai ga ganyen, sannan ta kafa baki a gefensa tana jiran ɗigon ya gangaro. A bar kejin ya bushe tsakanin feshi da feshi, domin danshi mai yawa da dare ake son sa lokacin da gari ya yi sanyi. Hanya mafi sauƙi ta sanin ko tana samun ruwa ita ce duba kashinta: akwai wani farin ɓangare da ke fita tare da shi, idan fari ne ko mai ɗan ratsin rawaya to lafiya lau, idan kuwa ya koma ruwan lemo gaba ɗaya, ruwa ya gaza.

Abincinta ƙwari ne masu rai, kamar gyare da fara da kyankyason kiwo da tsutsar siliki, kuma gwargwadon yadda aka sassauya mata su, gwargwadon lafiyarta. Kada ƙwaron ya fi faɗin da ke tsakanin idanunta. Ƙarama mai tasowa tana ci kullum, babba kuwa ƙwari 3 zuwa 5 kwana ɗaya bayan ɗaya sun ishe ta. Lokacin ciyarwa ma dama ce ta duba lafiyarta: idanun nan biyu da kowanne ke juyawa shi kaɗai sai su haɗu a kan ƙwaron, ta ɗan buɗe baki, sannan harshen da kan kai kusan ninki biyu na tsawon jikinta ya fita ya dawo kafin ƙiftawar ido. Idan ta fara yawan kuskure, ko harshen ya kasa kai nisan da ya saba, akwai matsala a abinci ko a ido.

Ƙwaron da ke da yunwa ba shi da abin da zai ba ta, saboda haka kwana ɗaya ko biyu kafin a miƙa mata su, a ciyar da ƙwarin da ganyaye masu duhun kore da karas da kabewa. Kada a ba su abincin kare ko na kyanwa, domin yawan furotin yana tara wani gishiri a gaɓoɓinta ya kumbura su. Yawancin ƙwari sinadarin fosfaras ya fi kalsiyam yawa a jikinsu, shi ya sa ake barbaɗa musu garin kalsiyam zalla a kusan kowace ciyarwa, sannan mai haɗe da D3 da garin bitamin sau biyu kawai a wata, kuma barbaɗawa kaɗan, domin wuce gona da iri a nan yana kumbura mata wuya ya kuma taɓa ƙoda. Ƙwarin da aka kamo a inda ake fesa magani haɗari ne, ƙwaron nan mai haskawa da dare kuwa guba ne ga dangin ƙadangare, ko ɗaya kada a ba ta.

Mai kiwon mace yana da ƙarin nauyi, domin mai tozo takan yi ƙwai ko da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, kuma yawan ci da yawan zafi suna sa ta ɗauki ƙwai masu yawa da ke rage mata kwana. Tun tana wata 5 ko 6 a ajiye mata bokiti mai zurfin santimita 30 cike da yashi haɗe da ƙasa mai danshi, wanda za ta iya haƙa rami bai rufta ba. Idan ta sauko tana tono, a rufe gefen kejin da zane a ba ta wuri, domin in ta ga ana kallonta tana iya barin ramin ta riƙe ƙwan a ciki, wannan kuwa yana kisa.

Launinta ma yana magana. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Janeba da ke ƙasar Suwizalan sun nuna cewa Furcifer pardalis ta Madagaska tana sauya launi ne ta hanyar matse ko sassauta tazarar wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli da ke cikin fatarta, kuma abin da ya fi motsa wannan sauyi shi ne zafi da fushi da neman mace. Duhun launi da safe a ƙarƙashin fitila neman ɗumi ne, amma duhun da ya wuni alamar takura ce ko ciwo. Ba ta son a riƙa ɗaukar ta, kuma idan ya zama dole, a shimfiɗa hannu a gabanta a jira ta tako da irin tafiyarta. Kada a fizge ta daga reshe, domin farce na iya cirewa, wutsiyarta kuma idan ta yanke ba ta sake tsirowa. Bayan taɓa ta ko wanke kejin a wanke hannu da sabulu, saboda ƙwayar cutar salmonela da dabbobi masu jan ciki kan ɗauka.

Alamomin da ke bukatar likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba sun haɗa da rufe ido da rana, da idon da ya faɗa ciki, da zama a ƙasan keji, da buɗe baki ana numfashi tare da kumfa ko yauƙi, da kumburin dasashi, da ƙin ci na kwanaki ba tare da tana saɓa ba. Lokacin saɓar kuma a duba yatsu da bakin wutsiya, domin tsohuwar fata kan maƙale ta ɗaure wurin har jini ya daina kai wa. Ba kowane likita ne ya saba da dabbobi masu jan ciki ba, don haka a nemo wanda ya saba tun kafin bukata ta taso, a kai masa sabon kashinta ya duba tsutsar ciki a makonnin farko, sannan a riƙa auna nauyinta sau ɗaya a wata a kan ƙaramin sikeli ana rubutawa, domin raguwar giram kaɗan takan bayyana a sikeli tun kafin ido ya ga rama.