Shawara Ga Iyayen Yara Masu Tsagewar Ƙashin Baya

'Yan'uwa iyaye na Gusau da kewaye, yaron da aka haifa da tsagewar ƙashin baya (wato ƙashin bayansa bai gama haɗewa ba tun yana ciki) galibi ba ya jin bayan gida ya matsa masa, domin jijiyoyin hanjinsa sun raunana, don haka yi masa tsawa idan ya ɓata wando ba shi da amfani. A riƙa zaunar da shi kan fo kullum, idan ya yi kamar minti 20 da gama cin abinci, ƙafafunsa na taka ƙasa, a kuma yawaita masa ruwa, gwanda da zogale. Idan ruwa-ruwa na ɓata masa wando, sau da yawa busasshen kashi ne ya toshe hanji, saboda haka kada a ba shi maganin zawo sai likita ya duba shi. Maigida ma ya koyi tsarin, domin uwa ta samu hutu.