Yadda Za Ka Sa a Sauke Fim Ɗinka da Aka Sace a YouTube

A da mai satar fasaha faifai ɗaya yake saya a Ƙofar Wambai ya buga dubbai. Daga baya masu tura finafinai a memori suka karɓi kasuwar. Yanzu da finafinai masu dogon zango suka koma YouTube, sai ka saki kashi da daddare, kafin gari ya waye wani ya ɗora shi a tasharsa, ya yanke farkon, ya juya hoton kamar a madubi don kada na'ura ta gane.

Fara tanadin hujja tun kafin ka ɗora. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, aikinka naka ne ko ba ka yi rajista ba, amma takardar rajista daga hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa (NCC) tana rage gardama. Ajiye ainihin abin da kyamara ta ɗauka a wuri biyu. Sannan a rubuta yarjejeniya da marubuci da mawaƙi da mai kiɗa, kowa ya sa hannu. Nan aka fi faɗuwa. Mawaƙi zai ba ka waƙa da baki, alhali ya riga ya miƙa ta ga kamfanin rarraba waƙoƙi. Sai Content ID, tsarin YouTube mai gano waƙa ko bidiyon da wani ya yi wa rajista, ya kama fim ɗinka, kuɗin tallan ya tafi aljihun wani, kai da ka biya 'yan wasa kana kallo.

Idan ka ga kwafin, kada ka tsaya zagi a ƙasan bidiyon. Shiga YouTube Studio, wato shafin kula da tasharka, buɗe sashen haƙƙin mallaka, ka cike buƙatar saukewa. Sa adireshin bidiyon da aka sace da na asalin, ka nuna daga minti kaza zuwa minti kaza. Sunanka na gaskiya da adireshinka ake so, laƙabin fim ba ya aiki. Za a ba ka zaɓi biyu: a sauke nan take, ko a ba wanda ya ɗora kwana 7 ya cire da kansa. In yaro ne mai son fim ɗin, ba shi kwanakin. In ya mai da abin sana'a, nan take. Ka kuma zaɓi a hana sake ɗora irinsa.

Saukewar tana jawo masa gargaɗi mai ɗaukar kwana 90, uku suka taru a rufe tashar. Yana iya musantawa. In ya yi, kana da ranakun aiki 10 ka nuna ka kai ƙara kotu, in ba haka ba a mai da bidiyon. A nan takardun nan suke amfani.

Kada ka kai ƙarar abin da ba naka ba don kishin abokin sana'a, taka tashar ce za ta iya tafiya. Facebook da TikTok kuma kowanne da nasa fom, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.