Yadda Ake Cin Moriyar Kason Jihohi Wajen Neman Gurbi a Jami'ar Tarayya

Jami'o'in tarayya a Najeriya suna raba guraben kowane kwas gida uku: kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, kashi 35 na jihohin da aka ware wa jami'ar a matsayin yankinta, sai kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, wato ELDS. Jihohi 23 ne a wannan rukuni: duka 19 na Arewa, da Bayelsa, Kuros Riba, Ebonyi da Ribas.

Yi lissafi kafin ka zaɓi jami'a. Kwas mai gurbi 100, guda 20 kacal ya ware wa jihohi 23, ko ɗaya-ɗaya bai isa ba. Saboda haka kason yanki ya fi tsoka. Duba kundin JAMB ko shafin jami'ar, ka tabbatar jiharka tana cikin yankinta, sannan ka sa ta a zaɓin farko. Manyan jami'o'i ba su cika waiwayar zaɓi na biyu ba. Akwai kuma dabarar da 'yan Arewa ba su faye gwadawa ba: jami'o'in tarayya na Kudu ma suna da kason ELDS, kuma masu nemansa daga Arewa ba su da yawa.

Takardu ne suka fi kayar da ɗalibai. Suna da ranar haihuwar da ke NIN ɗinka su ne za su hau rajistar JAMB, don haka gyara kuskure tun kafin ka sayi fom. Jihar da ka cike ta dace da takardar shaidar ƙaramar hukumarka, domin ranar tantancewa za a nema. Ɗora sakamakon WAEC, NECO ko NABTEB a CAPS, wato manhajar JAMB ta bayar da gurbin karatu. Wanda bai ɗora ba, ko makinsa ya kai 300 cikin 400, ba za a ba shi gurbi ba. In gurbin ya fito, shiga ka karɓa da wuri.

Kaso ba ya yafe kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu. Ba ya yafe jarrabawar tantancewa ta jami'a. A likitanci da lauya kuwa rangwamen makin kaɗan ne, saboda hukumomin waɗannan sana'o'i sun ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka.

Bayan an shiga, takardar jarrabawa ɗaya ce ga kowa. Wanda ya shiga da rauni a Lissafi ko Kimiyyar Sinadarai, tun zangon farko yake fara tara kwasan da zai maimaita, makinsa ya zube, wani lokaci har a sauya masa sashe ko a sallame shi. In ka san tushenka bai yi ƙwari ba, gara ka yi shekara guda a makarantar share fage irin ta Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Funtuwa, ko ka bi ta IJMB, wato shirin karatun gaba da sakandare na share fagen shiga jami'a, ka shiga aji biyu kai tsaye.