Kurakuran da masu ƙara wa furosesar tabulet gudu suke ta maimaitawa

Tabulet iri biyu ne suke yawan isowa teburin masu gyara a Gombe bayan mai su ya gwada ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar tabulet, gudu. Ɗaya batirinsa ya kumbura har ya ɗaga gilashin allo daga gefe, ɗayan kuma ya tsaya cak a kan tambarin kamfani, yana mutuwa yana tashi. Dukansu daga kurakurai ƙalilan suke fitowa, kuma su ɗin ne dai kullum.

Da farko, rut kaɗai, wato samun cikakken iko a kan manhajar Android, ba ya ƙara gudu. Mutum zai yi rut da Magisk, ya sauke Kernel Adiutor, manhajar saita gudun furosesa, ya ja gudun zuwa ƙarshe, ya ce ya gama. Abin da ya kai shi ne iyakar da kamfani ya riga ya rubuta a cikin kanel, wato zuciyar manhajar da take ba furosesa umarni. Furosesar Helio G99, alal misali, manyan ƙwayoyinsa biyu suna tsayawa a 2.2GHz, ƙananan shida a 2.0GHz. In ba a sa wani kanel da aka ƙara wa matakai ba, ba za a wuce nan ba. Manhajojin da suke alkawarin gudu ba tare da rut ba kuwa, talla kawai suke nuna maka. Mai iPad ya haƙura gaba ɗaya.

Kuskuren da ya fi cin dukiyar mutane shi ne raina zafi. Yawancin tabulet ba su da fanka. Duk zafin da furosesa ta haifar, ta jikin murfin baya da allo yake fita, kuma batir yana kwance dab da ita. Lissafin ba shi da wuya: wutar da furosesa take ci tana tashi daidai da gudun, amma ta fuskar boltej, wato ƙarfin wutar da ake ba ta, sau biyu ake ninka ƙarin, boltej sau boltej. Ka ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, ka ƙara boltej da kashi 10 don ya ɗauka, wutar da ake ci ta haura da kusan kashi 33. Ribar kashi 10, zafin kashi 33. Da zarar na'urar auna zafi ta ga abin ya yi yawa, kanel da kansa zai sauke gudun, sau da yawa har ƙasa da inda yake tun asali. Shi ya sa za ka ga wasa yana tafiya sumul a minti biyar na farko, daga nan ya fara sarƙewa fiye da da.

Mu a nan abin ya fi tsanani. Wanda ya rubuta kanel ɗin wataƙila a ɗaki mai sanyin digiri 20 ya gwada shi, a Turai ko wani wuri makamancin haka. Kai kuma kana Pantami ko Tumfure a watan Afrilu, zafi yana taɓa digiri 40, ɗaki rufin kwano, an ɗauke wuta, fanka a tsaye. Saitin da ya zauna lafiya lokacin hunturu a Janairu shi ne zai riƙa kashe maka tabulet da bazara. Don haka ni gwajin da aka yi da sanyin asuba ba na lissafa shi. A gwada da rana tsaka, da rigar robar a jiki in da ita ake aiki, a bar manhajar gwaji ta CPU Throttling Test ta yi aƙalla minti 20 ana kallon layin gudun da take zanawa. In layin ya faɗi ƙasa da yadda yake kafin a taɓa komai, ƙarin bai amfana ba, a mayar. A duba zafin batir a DevCheck ko CPU-Z. Ƙa'idata ita ce in ya wuce digiri 42 a dakata, domin batirin litiyam ba ya son caji sama da 45.

Sai masu goge fayil ɗin da yake kula da zafi, wai don kada gudu ya sauka. Haba malam! Wannan kamar mai mota ne ya ga fitilar zafin inji ta kama, ya cire ƙwan fitilar ya ci gaba da tafiya. Ga shi kuma a jona caja, ana buga wasa, tabulet a kan katifa. In batir ya kumbura kada a danna shi, kada a huda, kada a sake sa caji, canji kawai. Dalmar da take riƙe furosesa a jikin bod ita ma tana gajiya da zafi da sanyi a kai a kai, kuma wannan gyara ne da ba kowane shago yake iyawa ba.

Wani kuskure mai zafi shi ne kunna "Apply on boot" tun ranar farko. Ma'anarsa duk lokacin da tabulet ya tashi, manhajar za ta ɗora sabon gudun nan take. In gudun bai zauna ba, zai daskare, ya sake tashi, ya sake ɗorawa, ya sake daskarewa. Da ba a kunna ba, kashewa da kunnawa kawai ya isa ya dawo daidai. Wai gaggawar ta mece ce? A bar shi a kashe har saitin ya yi kwana uku ana aiki da shi ba tare da ya mutu da kansa ba. In za a kunna, a sa jinkirin daƙiƙa 30 ko fiye, don a sami damar shiga a gyara. Wanda ya riga ya faɗa, ya gwada tayar da tabulet a "Safe mode", inda manhajojin da aka sauke ba sa aiki, ya cire manhajar daga can.

Abin haushin shi ne yawancin masu wannan ɗanyen aiki ba su ajiye komai ba. Ka tambayi mutum ina ainihin boot.img ɗinsa, wato fayil ɗin da kanel na asali yake ciki, sai ya tsaya yana kallonka. Kafin a taɓa kanel, a shiga TWRP, manhajar ceto da ake shiga kafin Android ya tashi, a kwafi sashen but, inda kanel yake, zuwa memori, a sake ajiye kwafi a kwamfuta, a kuma sauke cikakkiyar manhajar kamfani ta wannan samfurin. Da wannan a hannu, umarni ɗaya na fastboot daga kwamfuta, ko manhajar Odin ga masu Samsung, ya mayar da komai. Masu furosesar MediaTek kuma, a SP Flash Tool a zaɓi "Download Only". Wanda ya danna "Format All + Download" yakan share wurin da lambar IMEI take, tabulet ya tashi lafiya amma layi ya ƙi kamawa.

Lambar samfuri ma ana wasa da ita. Galaxy Tab A8 mai Wi-Fi kaɗai SM-X200 ne, mai layi SM-X205. Suna ɗaya, amma kanel ɗin da aka yi wa ɗaya ba a ɗora wa ɗayan sai wanda ya rubuta shi ya faɗa ƙarara. Haka sigar Android ɗin dole ta dace.

Tsalle ɗaya zuwa mataki na ƙarshe shi ma wauta ne. Mataki ɗaya ake hawa, kamar 100MHz, a gwada, sannan a ƙara. Boltej kuwa ba a taɓa shi sai gudun ya ƙi zama, kuma kada ƙarin ya wuce milibolt 25 a lokaci guda. Furosesa biyu masu suna ɗaya ba lallai su jure abu ɗaya ba, saboda haka kwafar lambobin wani daga intanet caca ce.

Kada a bar tsarin gudu a kan "performance", yana riƙe furosesa a sama ko da allo kawai ake kallo. "Schedutil", mai hawa da sauka gwargwadon aiki, ya wadatar. Buɗe butloda, wato cire makullin da yake hana sa wani kanel, yana goge duk abin da yake cikin tabulet, a kwashe hotuna tukuna. A Samsung, ɗora rut ko kanel da ba na kamfani ba yana ƙona alamar tsaro ta Knox har abada, Secure Folder, ma'ajiyar sirri, ya daina aiki. Manhajojin banki da yawa suna ƙin buɗewa in sun ga rut, mai karɓar kuɗi da tabulet ɗinsa ya yi tunani. Ba a filashin, wato ɗora kanel ko manhajar kamfani, da batir ƙasa da kashi 60, kuma da laftof ake yi, ba da kwamfutar tebur da za ta mutu in an ɗauke wuta ba.

Akwai kuma waɗanda tun farko ba furosesa ce matsalarsu ba. Tabulet mai RAM 2GB da ma'ajiya ta cika maƙil zai yi nauyi ko an kai shi gudun nawa. A share ma'ajiya a bar aƙalla kashi 20 a sarari, a cire manhajojin da suke aiki a ɓoye, a shiga saitin masu haɓaka manhaja a mayar da motsin allo 0.5x. In bayan wannan har yanzu wasan yana sarƙewa a minti na goma, a gwada sauke iyakar manyan ƙwayoyin da mataki ɗaya ko biyu. A zafin Gombe, tabulet ɗin da aka rage wa gudu kaɗan yakan riƙe shi tsawon awa guda ba tare da ya faɗi ba.