Darasi: Idan Allurar Tsohon Rediyo Ta Ƙi Aiki

Wasu tsofaffin rediyoyi masu gajeren zango suna da 'yar taga a fuska, da allura a ciki, ana kiran ta mita. Aikinta ta nuna ƙarfin tashar da ka kama, daga S1 zuwa S9. A 1981 wani reshen IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, ya tsayar da cewa S9 na nufin mikrovolt 50 a bakin eriya. Rediyoyi da yawa sun girmi wannan ƙa'ida, kowanne da awonsa, don haka kada ka damu in naka ya bambanta da na wani.

Ka riƙe wannan da kyau: allurar ba eriya take aunawa kai tsaye ba. A cikin rediyo akwai sashen da ke rage ƙarfi da kansa idan tasha ta shigo da ƙarfi, ana rubuta shi AGC ko AVC. Wutar wannan sashe allurar take bi. Shi ya sa sau da yawa mitar lafiyarta ƙalau, ciwon yana wani wuri.

Fara daga waje. Duba ko wayar eriya ta kwance ko ta yi tsatsa. Duba maɓallin AGC, in a kashe yake, allurar ba za ta motsa ba. Murɗa makunnin RF GAIN, mai ƙara ƙarfin kamun tasha, har ƙarshen ƙarfinsa, domin a rediyoyi da yawa rage shi kan tura allurar sama ba tare da wata tasha ba. In mai bawul ne, wato mai kwalaben gilashi da ke ɗaukar zafi a ciki, bar shi ya ɗumama kamar minti 15.

Yanzu kashe rediyon, ka dubi allurar. A yawancin mitoci za ta kwanta a farkon lambobi. In ta kauce, akwai ɗan sukuru a ƙasan tagar, juya shi a hankali. In tana maƙalewa a tsakiya, ƙwanƙwasa tagar da ɗan yatsa. Wani lokaci murfin roba ne ya ɗauki caji saboda an goge shi da busasshen ƙyalle, sai ya riƙe allurar. Ƙyalle mai ɗan laima ya isa maganinsa. Wani lokaci kuma ƙurar ƙarfe ce ta manne wa maganaɗisun ciki.

Ina roƙonka, kada ka ɗora na'urar auna waya kai tsaye a kan mitar don gwaji. Wayar da aka naɗe a cikinta ta fi gashi siranta, wutar batirin na'urar kan iya ƙona ta, kuma samun irinta yau da wuya.

In allurar tana ɗagawa kaɗan kawai ko a tasha mai ƙarfi, sauti kuma yana fashewa, to zargi tsofaffin kafasitocin takarda na layin AGC, wato ƙananan sassan da ke tara wuta. Shekaru kan sa su yoyon wuta. Rezistoci, masu rage gudun wuta, su ma kan kauce daga awonsu. In kuma allurar ta ƙi komawa sifili bayan ka cire eriya, sau da yawa akwai abin saiti a ciki ko a baya, an rubuta masa ZERO.

Wannan aikin na cikin akwati ne, kuma rediyo mai bawul kan ɗauki volt 250 ko fiye. Kafasitocinsa kan riƙe wuta ko bayan an zare soket. In ba ka koyi yadda ake sauke wutar ba, kai shi wurin mai gyara, ka faɗa masa abin da ka riga ka gwada.