Yadda ake fitar da kaki daga ƙirjin mai daɗaɗɗen tari

A aikina na jinya a nan Damagaram, ina yawan haɗuwa da waɗanda suka sha maganin tarin fuka wata 6 cif, amma kaki ya ƙi ƙarewa. Wasu huhun ne ya yi tabo yana tara majina. Wasu kuwa wata ƙwayar cuta ce 'yar uwar ta tarin fuka, mai zama cikin ƙasa da ruwa, wadda likitocinmu ke rubutawa MNT. Maganinta dogo ne: galibi azitromisin, rifamfisin da etambutol a haɗe, har wata 12 bayan an daina ganinta a kaki. To muddin majina na kwance a ƙirji, ƙwayar ta sami wurin zama.

Ga yadda nake koya wa majinyata, safe da yamma, kafin cin abinci.

A fara da shaƙar salbutamol, wato Ventoline, a jira kamar minti 15. Shi ke buɗe hanyoyin iska. Sannan a zuba ruwan gishiri na asibiti mai ƙarfin kashi 3 zuwa 7 cikin 100, kimanin mililita 4, cikin na'urar da ke maida shi tururi, a shaƙa a zaune. Gishirin na janyo ruwa cikin majinar sai ta yi laushi. Shaƙar farko a gaban likita ake yi, don wani ƙirjinsa kan shaƙe. Kuma don Allah kada a jiƙa gishirin miya da ruwan randa a ce an haɗa. Ƙwayar da ake yaƙa tana iya kasancewa cikin ruwan.

Nan ne mutane ke sakaci. Suna gama shaƙa sai su kashe na'ura su tashi, alhali magani sassauta majina kawai ya yi, fitarwar aikin mai ƙirji ce. Ja numfashi mai zurfi sau 3 ko 4, kana ɗan riƙewa, ka huta, sannan ka buɗe baki ka huro iska da ƙarfi kamar mai hura wa madubi zai goge. Idan kakin ya taso, ka yi tari ka tofa cikin gwangwani mai murfi. Maimaita har ƙirji ya yi sakayau. Wanda aka rubuta wa amikasin na shaƙa, wato maganin kashe ƙwayar cutar, sai bayan wannan zai shaƙe shi.

Karbosistin da asetilsistin na sha, magungunan sassauta majina da ake samu a farmasi, suna ɗan taimaka wa wasu, amma ni ban ɗora musu nauyi ba. Mai gyambon ciki ya gaya wa likita tukuna. Kada a haɗa su da maganin tsayar da tari irin mai kodin, kada kuma a sayi azitromisin shi kaɗai wurin masu talla a kasuwa, ƙwayar za ta daina jin sa.

Kofin na'urar a wanke da sabulu bayan kowace shaƙa, a tafasa minti 10 idan irin mai jure zafi ne, a shanya a rufe. Da hunturu ƙurarmu sai da takunkumi ko rawani, da yawan shan ruwa.

Jini a kaki, zazzaɓi, ko numfashi ya ƙara wuya: a dakatar da ruwan gishirin, a tafi asibiti a ranar.