Yadda Ake Ƙulla Wasan Kalma da Sunan Gada, Gwanki da Barewa

Cikin dabbobin dawa dangin barewa, babu wadda sunanta ya kai na gada daɗin sarrafawa, don haka da shi ya kamata mai koyo ya fara. Kafin ka haɗa jimla, tattaro kalmomin da ake rubutawa da haruffa iri ɗaya, ka furta kowacce a bayyane. Gada, 'yar ƙaramar dabbar nan mai shigewa sarƙaƙiya, muryarka tana farawa ƙasa ta hau sama. Gadar da ake tsallake kogi a kanta tana farawa sama ta sauko. Ta uku ita ce ta gado, kamar a "abin da ya gada", wadda ake jan wasalin gaɓarta ta farko. In kunnenka bai rabe ukun nan ba, wasan ba zai tashi ba.

Daga nan nemi kalmar da za ta riƙe su. Sa'ar da aka yi ita ce, aikatau "gada" yana komawa "gaji" idan suna ya biyo shi, kamar "ya gaji gona", sai ya yi karo da "gaji" ta gajiya. Ga abin da ke fitowa: "Gada ta gaji a kan gadar da ta gada." Ma'ana huɗu ke nan a numfashi guda, kuma jimlar tana da kai da gindi: dabba ce ta jigata a kan gadar da aka bar mata. Wannan shi ne ma'aunin. Jimlar da ke da amo kawai ba ma'ana, surutu ce. Maimaita ta sau uku da sauri a gaban wani. Inda harshenka ya harɗe, nan daɗin yake, kada ka gyara wurin.

Za ka iya faɗaɗawa da maganganun da mutane suka riga suka saba da su. Akwai "gadar zare" ta yaudara, da "'yan gada-gada" masu ƙulle-ƙullen neman kuɗi, da "gadan-gadan", da "gadara". Ɗauki ɗaya ko biyu kawai, misali "An haɗa wa gada gadar zare." Idan aka cusa su duka wuri ɗaya, mai sauraro yakan tsaya lissafi maimakon dariya.

A rubuce aka fi samun matsala, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Sai ka sa wata kalma kusa da za ta haska hanya: daji ko maharbi ga dabba, kogi ko mota ga gada. Kula da ƙugiya kuma. Gaɗa ta 'yan mata, mai tafi da waƙa, da ɗ ake rubuta ta, kuma wayar da ba ta da wannan harafin takan ɓata wasan gaba ɗaya.

Gwanki ta wajen kirarinsa ake kama shi: "gwanki sha bara", wato wanda maharba suka daɗe suna saitawa. Da shi ake yi wa mutumin da ake ta kai wa hari yana tsallakewa kirari. Tun da "bara" kuma shekarar da ta wuce ce, sai ka ce, "Gwanki sha bara, bara ya sha, bana ma zai sha."

Barewa ba ta da tagwayen kalmomi sosai, ƙarfinta yana cikin karin maganarta. Bar rabin farko yadda yake, ka sauya ƙarshen: "Barewa ba ta gudu ɗanta ya hau acaɓa." In ka taɓa rabin farkon, ba wanda zai gane inda ka dosa.

Mariya kuwa a yi hattara da ita. Sunan dabba ne, sunan mata ne kuma, saboda haka a bar wannan tsokanar tsakanin taubasai ko kaka da jika, inda akwai wasa tun asali. A bakin baƙo habaici za ta zama.